Wasan kokowa a waya: ina idon mai wasa yake?

Wani matashi daga Tawa ya aiko mini da hotuna huɗu na wasan kokowa da yake haɗawa don wayar salula. Ya ce wata bakwai ke nan yana kan aikin, ƴan kokowarsa suna motsi da kyau, amma duk wanda ya miƙa wa wayar a fadarsu sai ya danna nan ya danna can, ya sha kaye bai san abin da ya kayar da shi ba, kafin a sauke shayi na biyu ya maido masa da wayarsa. Yana tambayar ƙa'idojin da ake bi wajen tsara abin da ke bayyana a fuskar wasa.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Na daɗe ina kallon hotunan nan, kuma zanen ƴan kokowarka ya burge ni, musamman yadda ka fito da kafaɗu da cinyoyi. Amma na ƙirga abin da ka ɗora a kansu: sandunan rai biyu a sama, agogo, sunaye biyu, tambarin jihohi biyu, maki, tsabar kuɗi, ƙaramar taswirar fili, maɓallai bakwai, sai adon da ya zagaye fuskar gaba ɗaya. Goma sha takwas ke nan, a kan waya da ba ta wuce tafin hannu ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Bari mu fara daga ido, don shi ne tushen duk abin da zan faɗa maka. Miƙa hannunka gaba, ka kalli babban yatsanka. Faɗin yatsan nan, wato kimanin digiri 2 na ganinka, shi ne iyakar wurin da ido yake gani tar a lokaci guda. Abin da ke gefe ana jin motsinsa, ana lura idan ya yi haske ko ya yi duhu, amma ba a karanta shi. Gwada da kanka: tsayar da ido kan kalma ɗaya a wannan layin, ka ga ko za ka iya karanta ta biyar a gabanta ba tare da ka motsa idon ba. To, mai wasanka yana kallon ƙugun ƴan kokowa biyu da suka sarƙe a tsakiyar fili. Nan idonsa yake, kuma nan ya kamata ya kasance. Duk lokacin da ka tilasta masa ya ɗaga ido sama don duba wata sanda, ka ɗauke shi daga karon, kuma a kokowa ƙiftawar ido ta isa a kai mutum ƙasa. Tambayar da nake yi wa kowane abu kafin in bar shi a fuskar wasa ita ce: wace shawara mai wasa zai yanke da wannan a cikin sakan biyu masu zuwa? Tsabar kuɗi ba ta da amsa. Maki ba su da amsa. Taswirar fili ma haka, tunda filin gaba ɗaya yana gabansa. Waɗannan su jira a gama karo.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda nake ganin ita ce ta sa abokanka suke faɗuwa a duhu. Sandunan ran da ka sa a sama gadon wasannin faɗa ne irin Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991. A can sun dace, domin kowane naushi yana rage wa mutum wani abu, sanda mai ruwan ɗorawa tana ja da baya, in ta ƙare ya faɗi. Sandar tana faɗin gaskiyar wasan. Kai kuwa ɗan Tawa ne, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa ta neman takobi a 1975, shekarar da Kantu na Maradi ya ɗauka. Ka fi ni sanin cewa a kokowa ba a rage wa mutum rai kaɗan-kaɗan. Ɗan kokowa na iya wahalar da abokin karawarsa tun farkon karo, ƴan kallo har sun fara tashi, sai ƙafa ɗaya ta zame, a yi masa taɗiya, magana ta ƙare. A hotonka na uku na ga wanda aka kayar sandarsa tana kusan cike. Mai wasa ya dubi sandar, ta ce masa yana lafiya, sai ga shi a kan rairayi. Dole ya ji an cuce shi. Ba yawan kayan da ke fuskar ne kaɗai ya dame shi ba. Abin da ya fi girma a cikinsu ƙarya yake yi masa.

Zauna ka rubuta abin da ke kayar da mutum a wasanka. Daga abin da na fahimta abu uku ne: tsayuwa, riƙo, da gajiya. Ba da sauri ɗaya suke canzawa ba, kuma saurin nan shi zai nuna maka mazaunin kowanne. Abin da ke canzawa a ƙasa da sakan ɗaya ya zauna a jikin ɗan kokowa. Abin da ke canzawa a hankali ya koma gefe. Masu wasan ƙwallo na FIFA da PES sun san wannan ko da ba su taɓa ba shi suna ba: alamar da ke nuna ɗan wasan da kake juyawa tana bisa kansa, tana bin sa duk inda ya nufa, yawan ƙwallayen da aka ci kuwa yana can kusurwa, don ba kowane minti ake ci ba.

Tsayuwa ita ce ran kokowa, don haka ita za ta samu wuri mafi kyau. Da ni ne, sai in zana da'ira a ƙasa, ƙarƙashin ƙafafun kowane ɗan kokowa, kamar inuwarsa da tsakar rana. In ya kafu sosai da'irar tana da faɗi, yana tsakiyarta. In aka fara rinjayarsa sai ta tsuke, jikinsa ya karkata zuwa bakinta. Mai wasa ba sai ya ɗaga ido ba, kuma ba sai an yi masa bayani ba, don kowane yaro da ya taɓa yin langa ya san abin da karkata take nufi. Riƙo kuma a nuna shi a hannu: wanda ya samu ƙugu, wurin da ya kama ya ɗan yi haske. Gajiya ce kaɗai za ka iya bar wa sanda, siririya, a gefe, kuma ko ita sai ka taimaka mata da kafaɗun da ke hawa da sauka.

Wannan dabara ta sa labari a jikin wanda ake wasa da shi tsohuwa ce. A Super Mario Bros. na 1985 babu sandar rai ko ɗaya: Mario babba zai iya jure bugu ɗaya ya koma ƙarami, ƙarami kuwa in an taɓa shi ya tafi. Girmansa shi ne ma'auninsa. A Doom na 1993 akwai lambobi a ƙasa, amma abin da mutane suka fi tunawa shi ne fuskar sojan da ke tsakiyarsu, wadda ke ƙara jini gwargwadon wuyar da ya sha. Wanda ya kai abin maƙura shi ne Dead Space na 2008, inda ma'aunin rai fitila ce da ke bin ƙashin bayan sulken jarumin, yawan harsashi kuma yana bayyana a jikin bindigar. Tunda daga baya ake kallon jarumin, ido yana kan gadon bayansa dama. Sai dai ka yi hattara, kada ka ɗauko wannan yadda yake. An yi Dead Space don babbar talabijin. A wayarka ɗan kokowa bai fi santimita uku ko huɗu ba, don haka ɗan karkatar da ya yi kyau a kwamfutarka ba za a gan shi ba. Ka wuce gona da iri a zanen: karkata ta yi yawa, ƙura ta tashi daga diddige, da'irar ta yi kauri.

Sai gargaɗi. Kaye a fili yana zuwa ba sallama, amma a wasa dole a ba mutum damar ceton kansa, in ba haka ba ba zai koyi komai daga faɗuwarsa ba. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa ana cin kimanin rubu'in sakan, ga wanda yake a shirye ke nan. Shawarata ka ba da akalla rabin sakan tsakanin alamar haɗari da kayen kansa, a matakan farko ma ka ƙara. Dubi Pac-Man na 1980: in ka ci babban ƙwayar, dodannin sun koma shuɗi, kana iya cinye su, amma kafin su dawo da ƙarfinsu sai sun yi ta walƙiya tsakanin shuɗi da fari. Walƙiyar nan tana kama gefen ido ko da kana kallon wani wuri. Kai kana da abin da ya fi walƙiya: ganga. Babu filin kokowar da babu makaɗa. In tsayuwar mai wasa ta fara lalacewa, kiɗa ya ƙara sauri, ihun ƴan kallo ya tashi, wayar ta ɗan girgiza. Amma kada ka jingina komai a kan sauti kaɗai, don da yawa za su yi wasan a cikin taksi ko a tasha, sauti a kashe. Kowane gargaɗi ya zo ta ido da ta kunne tare.

Haka kuma bayan kaye, kada ka yi saurin fito da allon sakamako. Maimaita sakan biyu na ƙarshe a hankali, da'irar tana tsukewa, ƙafar da aka share tana haske. Gani ya kori ji. Wanda ya ga kuskurensa zai ce a sake. Wanda bai gani ba zai ce wasan ne ba shi da kyau.

Maɓallai bakwai sun yi yawa ga yatsa ɗaya. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai kan wani abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa: ƙarami mai nisa yana cin lokaci, yana jawo kuskure. Shi ya sa Google ke ba masu haɗa manhajar Android shawarar kada wurin dannawa ya gaza ma'auni 48 nasu a kowane gefe, wato kimanin milimita 9, Apple kuma ya ce 44 a nasa ma'aunin. Wannan don manhajar da ake dannawa a natse ne. A tsakiyar karo, yatsa da gumi, ido ba ya kan maɓallin, sai ka ninka. Gilashi ba manet ba ne, wato abin riƙewa mai maɓallai na wasan bidiyo, yatsa ba ya jin gefen maɓalli, da wuri kawai yake gane shi. Maido su uku: kama, ja ko tura, kayar. Sauran dabarun su fito daga haɗa waɗannan da inda yatsan hagu ya nufa. Jera su a kan bakan da babban yatsa yake zanawa in ya motsa daga kusurwa, mafi amfani ya fi girma kuma ya fi kusa. Maɓallin dakatarwa ya tafi can sama inda ba za a taɓa shi bisa kuskure ba. Ka tuna kuma yatsu biyu suna rufe kusurwoyin ƙasa gaba ɗaya, duk abin da ka ajiye a nan ka ɓoye shi ne. In ka samu hali daga baya, bar mutane su matsar da maɓallan yadda ya dace da hannunsu, kamar yadda Free Fire ya yi. Yaran da ke buga shi a unguwarku sun saba da hakan.

Duk maɓallin da aka danna ya amsa nan take, cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, ko da motsin ɗan kokowar zai ɗauki lokaci kafin ya kammala. Ya lotsa, ko ya yi haske. In bai amsa ba mutum zai sake dannawa sau uku. Kuma wurin "e" da wurin "a'a" kada su taɓa musanya daga allo zuwa allo. Kamfanin Sony ya daɗe da wannan ciwon kai: a Japan da'ira ce "e" a manet ɗin PlayStation, a Turai da Amurka kuwa alamar X, sai da PlayStation 5 ta fito a 2020 aka mayar da kowa kan X, kuma ƴan Japan da yawa sun ji jiki kafin hannunsu ya saba.

Maganar launi zan fara ta da abin da ya faru da ni. Shekarun baya na tsara wa wata ƙungiya fuskar manhaja a nan Yamai. Rubutu siriri mai ruwan toka a kan fari, a ofis cikin sanyi kowa ya yaba. Ranar da muka fita da ita kasuwa da azahar, na ga wata baiwar Allah ta lulluɓe wayar da mayafinta tana leƙawa, don ta ga inda za ta danna. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin ita ce aka yi manhajar dominta, ni kuwa ban tuna da ita ba lokacin da nake zaɓen launi. Mai wasanka yana zaune a ƙarƙashin bedi ko rumfar mai shayi, da Tecno ko itel mai tsagaggen gilashi, ya rage haske don cajin ya kai shi dare, kuma a zafin Afrilu wayar da kanta tana dusashe fuskarta in ta ɗau zafi. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi ita ce hasken rubutu da na bayansa su bambanta da akalla 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. A ranarmu wannan shi ne mafi ƙaranci. Sunayen da ka rubuta da ruwan ɗorawa a kan rairayi ba za su karantu ba. Sa musu baƙin gefe ko duhun shimfiɗa a baya.

Ja kuma ka ba shi aiki uku: launin wata jiha ne, launin maɓallin kaye ne, kuma alamar haɗari ne. Zaɓi ɗaya. In ja na haɗari ne, kada ya bayyana a ko'ina sai haɗari ya zo. Kuma kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 ba ya bambance ja da kore da kyau. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su, kuma wasunsu ba su san suna da matsalar ba. Da'irar da na ce maka tana tsukewa ne, ba launi kawai take canzawa ba, shi ya sa za ta yi wa kowa aiki. A saitin masu haɗa manhaja na Android akwai wurin da ke mayar da fuskar waya fari da baƙi. Kunna shi ka yi karo ɗaya. In ba ka iya gane naka ɗan kokowar ba, akwai gyara.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi jin daɗinsa a aikinka. Mutum biyu masu launin fata ɗaya, ba riga, sun rungume juna: ta yaya za a san wane ne wane? Da siffa. Kamfanin Valve, lokacin da ya yi Team Fortress 2 a 2007, ya tsara jarumansa tara yadda ko inuwarsu kawai ka gani daga nesa za ka gane kowanne. Kokowarmu ta ba ka kayan aikin kyauta: wani dogo siriri, wani gajere mai faɗin ƙirji, wani da guraye a damtse, wani da layu jere a ƙugu, wani da tukku, wani da walki mai tuntaye. Cika kowannensu da baƙi ƙirin, ka nuna wa ƙaninka. In ya rarrabe su, ka gama. Jihohin Nijar takwas ne, siffa takwas ba za ta gagare ka ba.

Rubutu ka rage shi iya ragewa, don ba kowane mai son kokowa ne ke karanta Faransanci ba, kuma wanda ke karantawa ma ba shi da lokaci a tsakiyar karo. Yi amfani da alamun da waya ta riga ta koya wa mutane, irin kibiyar komawa baya da alamar kunna bidiyo. Abin da ya rage na rubutu ya yi girma. Capcom sun sha suka a 2006 kan wasan Dead Rising, saboda rubutunsa ba ya karantuwa a tsofaffin talabijin, sun tsara shi ne a kan sababbi masu kaifi. Kuskuren ofis ne irin nawa. In za ka sa Hausa, kuma ina roƙonka ka sa, duba haruffan nan huɗu: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Yawancin zubin haruffa masu ado ba su da su, sai ka ga "ƙarfi" ya fito da ɗan akwati a madadin harafin farko. Noto Sans na Google da Andika na ƙungiyar SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. In da Unity, manhajar haɗa wasanni, kake aiki, ka tabbata ka sa su, manya da ƙanana, cikin jerin haruffan da kake ba TextMeshPro, sashen da ke fitar da rubutu a cikinta.

Adon da ka zagaye fuskar da shi, gicciyen Agadas da zanen dukawa, na gane abin da kake nufi da shi, kuma ina tare da kai: kana so duk wanda ya buɗe wasan ya san daga ina ya fito. Kada ka jefar da shi. Matsar da shi zuwa allon farko, da wurin zaɓen ɗan kokowa, da lokacin da ake miƙa takobi ana naɗa rawani, inda mutum ke da sukunin kallo ya more. A cikin karo yana cinye kusan santimita guda ta kowane gefe, kuma ƙananan zane-zanensa suna jan ido daga tsakiya. A nan ganga da ƙura da buhunan da suka kewaye fili sun isa su faɗi ko ina ne.

Ga abin da nake so ka yi a wannan mako. Kashe komai, ka bar ƴan kokowa biyu, da'irorinsu, da maɓallai uku. Nemi mutum biyar da ba su taɓa ganin wasan ba, ban da ƴan fadarku, don su sun riga sun ji bayaninka kuma suna jin nauyinka. Ka haɗa da yaro ɗan firamare da dattijo guda mai zuwa kallon kokowa. Fita da su waje da rana, a wayar da ta fi kowace rauni cikin waɗanda za ka samu. Miƙa musu, ka yi shiru. Shirun nan zai yi maka wuya, bakinka zai yi ta ƙaiƙayin cewa "danna nan", amma ka daure, ka kalli yatsunsu da inda idonsu yake zuwa. Duk wanda ya faɗi ka yi masa tambaya ɗaya: me ya kayar da kai? Rubuta amsar yadda ya faɗe ta. Abin da mutum uku cikin biyar suka nema suka rasa, shi kaɗai za ka maido. Ka aiko mini da amsoshin nan biyar tare da sababbin hotuna, sai mu duba maganar allon zaɓen jihohi, don na ga shi ma akwai abin faɗa a kansa.